Manufar da Za Mu Sa a Gaban Yaro Mai Koyon Wasa

A karanta: 1 Korinthiyawa 9:24-27, 1 Sama'ila 17:32-40, Kolosiyawa 3:21

Darasinmu na wannan wata a kan yaranmu ne da wasanninsu, watau ƙwallo, da tsere, da tsalle, da langa, da kokawa. Watakila wani dattijo zai ce, "Me ya haɗa jaridar Ekklesiya da tamaula?" Abin da ya haɗa su shi ne, 'ya'yanmu ne a cikin filin. Da wuya a sami Ekklesiya a birni ko ƙauye wadda ba ta da ɗan fili a bayan ɗakin sujada ko a gefen makaranta, inda yara su ke taruwa da la'asar. Wanda ya tsaya a bakin filin nan yana koya masu, ko malamin makarantar Lahadi ne, ko ofisan Boys' Brigade ko na Girls' Brigade, ko wani babba cikin matasa, yana shuka wani abu cikin zuciyarsu, ko ya sani ko bai sani ba. Icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Tambayar da za mu bi ita ce wannan: sa'ad da yaro ya ke koyon wasa, me ya kamata a sa a gabansa ya nufa? Gama akwai manufar da ta ke sa hannun yaro ya faɗa da sauri, ya kuma ƙaunaci aikin. Akwai kuma wadda ta ke karya masa zuciya, ko ta koya masa zamba. Dukansu biyu daga bakin manya su ke fitowa.

1. BULUS DA 'YAN TSERE

Manzo Bulus ya zauna a Korinti shekara ɗaya da wata shida, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:11 ya nuna, wajen shekara ta 50 zuwa 52 bayan haihuwar Ubangijinmu. Mutanen birnin nan su ne masu shirya wasannin Istimiya, waɗanda a kan yi sau ɗaya a shekara biyu. Helenawa daga ko'ina su kan zo kallon tsere, da kokawa, da dambe. Wanda ya ci a kan sa masa kambi na ganye, wanda ba ya daɗewa sai ya lalace. A Olimpiya kuwa, inda a ke babbar gasa, sai ɗan wasa ya rantse ya yi wata goma yana horon jikinsa kafin a yarda ya shiga. Saboda haka da Bulus ya ɗauko misalin ɗan tsere, ba wanda ya bukaci a yi masa bayani a Korinti.

Mu duba aya ta 26 da kyau. Bulus ya kawo mutum biyu waɗanda ba ya so ya zama kamarsu: mai gudu wanda bai san inda ya dosa ba, da ɗan dambe wanda naushinsa ba ya sauka a kan kowa. Dukansu suna gumi, dukansu suna gajiya. Ƙwazo kam suna da shi, amma ba su da wurin da za su auna.

A nan ya kamata mu raba buri da manufa. Yaron da ya ce, "Ina so in zama shahararren ɗan ƙwallo," buri ya faɗi. Buri ba laifi ba ne, amma ba ya gaya wa yaro abin da zai yi da ƙafarsa yau da yamma. Manufa kuwa abu ce da aka ambaci sunanta, aka san gwargwadonta, aka sa mata lokaci. Manomi ya san wannan. Wanda ya fita yana cewa, "Zan taɓa noma yau," sau da yawa kafin hantsi yana gindin itace. Wanda ya ce, "Kunya ashirin zan nome kafin rana ta take," ya san inda ya ke, ya kuma san abin da ya rage masa.

2. ABIN DA MASANA SUKA GANO

A shekarar 1968 wani masanin halin ɗan Adam a Amurka mai suna Edwin Locke ya bayyana abin da ya gano game da masu aiki. Daga baya shi da abokin aikinsa Gary Latham suka yi shekaru da yawa suna gwada shi. Ga abin da suka samu: mutumin da aka ba shi manufa bayyananniya, mai ɗan wuya, ya kan yi aiki fiye da wanda aka ce masa kawai, "Yi iyakar ƙoƙarinka." Dalili kuwa, "iyakar ƙoƙari" ba ta da mudu. Kowa ya gaji sai ya ce ya kai iyakarsa.

Sun nuna hanya huɗu da manufa ta ke aiki cikin mutum. Tana tattara hankalinsa wuri ɗaya. Tana sa ya ƙara ƙarfi. Tana sa ya daure bayan gajiya ta zo. Tana kuma sa ya nemi dabara idan hanyar fari ta ƙi. Amma sai da abu biyu: mutumin ya karɓi manufar da zuciyarsa, ya kuma riƙa sanin inda ya kai.

A 1985 suka ba da shawara a gwada wannan a fagen wasanni. Da aka gwada, lissafi bai fita daidai kowane lokaci ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, ɗan wasa ko ba a ba shi manufa ba ya kan sa wa kansa a ɓoye. A 1995 waɗansu masana biyu, Kyllo da Landers, suka tattara bincike 36 da aka yi a kan wasanni da motsa jiki. Suka tarar sa manufa yana taimako, musamman idan manufar matsakaiciya ce, watau ba mai sauƙi ainun ba, ba kuwa wadda ta fi ƙarfin mutum ba, kuma idan an haɗa ta kusa da ta nesa. Daga nan tambaya ta koma, wace irin manufa ce ta fi amfani ga mai koyo?

3. MANUFA IRI UKU

Masu koyar da wasanni sun kasa manufa kashi uku.

Ta fari, manufar cin nasara. Misali, "Mu ci kofin gunduma," ko "Ka zo na ɗaya a tsere." Wannan tana da daɗin faɗi, amma rabinta a hannun wani ta ke. Yaro yana iya yin gudun da bai taɓa yi ba, duk da haka wani ya riga shi. Har wa yau, yara masu shekara ɗaya ba girmansu ɗaya ba. Cikin 'yan shekara goma sha uku akwai wanda muryarsa ta riga ta buɗe, ƙafarsa ta yi tsawo, akwai kuma wanda girmansa sai nan da shekara biyu. Babban ya kan ci saboda jiki, ƙaramin ya kan faɗi saboda jiki, ba wanda ya san wa zai fi gwaninta in sun girma.

Ta biyu, manufar wuce kai. A nan yaro da kansa ya ke gasa. "Makon jiya bugu huɗu cikin goma suka shiga, wannan mako ina neman shida." Wannan tana hannunsa fiye da ta fari, gama abin da wani ya yi bai shafe ta ba.

Ta uku, manufar gyara. Wannan ta shafi yadda a ke yin abin. "In kafa ƙafar hagu daidai gefen ƙwallo kowane bugu." "In durƙusa da gwiwa kafin in tashi sama." Ita ce mafi ƙanƙanta a ido, ita ce kuma yaro ya ke riƙe da ita gaba ɗaya.

A 2022 waɗansu masana suka sake tattara bincike 27 a kan 'yan wasa. Suka ga manufar gyara ita ta fi ɗaga aikin ɗan wasa nesa ba kusa ba, manufar wuce kai tana bin ta, manufar cin nasara kuwa amfaninta kaɗan ne ƙwarai. Abin lura a nan, wadda ta fi ƙarancin amfani ita ce aka fi jin manya suna ihunta a bakin fili.

4. 'YAN MATA DA FAIFAI

Bari mu duba gwaji ɗaya a tsanake, domin da yara aka yi shi. A 1997 malamai biyu a Amurka, Barry Zimmerman da Anastasia Kitsantas, suka ba da labarin 'yan mata 90 na makarantar sakandare waɗanda aka koya wa wani wasa. A wasan nan ana jefa 'yar ƙaramar kibiya da hannu zuwa wani faifai mai zobe-zobe da aka rataye a bango, wanda ya fi kusa da tsakiya shi ya fi samun maki. Aka nuna wa 'yan matan yadda a ke riƙo, da tsayuwa, da aunawa, da jifa, da yadda hannu zai bi kibiya bayan ta tashi. Sa'an nan aka rarraba su, kowace ƙungiya da abin da aka sa a gabanta.

Aka ce wa waɗansu su sa hankali ga maki, su nemi mafi yawa. Aka ce wa waɗansu su sa hankali ga yadda hannu ya ke tafiya. Waɗansu kuma aka ce su fara da gyaran hannu, sai hannun ya saba, sa'an nan su koma neman maki. Cikin kowace ƙungiya aka sa waɗansu su riƙa rubuta abin da suka yi.

Da aka gwada su a ƙarshe, waɗanda suka fara da gyara suka koma maki su suka fi duka. Masu gyara kaɗai suka bi su. Masu neman maki tun fari su ne a baya, ko da ya ke maki ne abin da suka sa wa ido. Rubuta abin da aka yi kuma ya ƙara wa masu yinsa gwaninta.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan muhimmanci gare mu. Sa'ad da aka tambayi 'yan matan dalilin da jifa ya kauce, masu manufar gyara suka fi ɗora laifin a kan dabara, watau wani abu da hannu bai yi daidai ba. Masu neman maki suka fi ɗora shi a kan kansu, cewa ba su iya ba. Ku dubi bambancin nan, 'yan'uwa. Yarinyar da ta ce, "Hannuna ne ya karkace," gobe za ta dawo ta gyara. Wadda ta ce, "Ni ba ni da baiwa," ta riga ta fara sallama. Ga shi kuwa masu gyara su suka fi nuna sha'awar wasan bayan an gama.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Hankalin mai koyo ƙarami ne, ba ya ɗaukar abu biyu gaba ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan zuciyarsa tana kan maki, ba ta kan hannunsa. Amma in hannu ya saba har yana yi ba tare da tunani ba, sa'an nan hankali ya sami sarari ya dubi sakamako.

5. MANUFA TA KUSA

Yaro ba ya hangen nesa kamar babba. A 1981 Albert Bandura da Dale Schunk suka gwada wannan da yara 40 waɗanda lissafin ɗebewa ya ke ba su wuya. Aka ba su shafi 42 na aiki, za su yi cikin zama bakwai. Aka ce wa waɗansu su nufi gama shafi shida kowane zama. Aka ce wa waɗansu su nufi gama duka 42 kafin ƙarshen zama na bakwai. Aikin ɗaya ne, lokacin ɗaya ne. Amma masu shafi shida suka ci gaba da sauri, suka iya lissafin, suka kuma soma son sa. Manufa ta nesa ba ta nuna wani amfani a fili ba. Lissafi ne aka gwada, amma zuciyar yaro ɗaya ce ko a aji ko a fili.

Manyan 'yan wasa ma haka su ke yi. Roger Bannister ɗan Ingila ne, yana koyon aikin likita. A wasannin Olimfik na 1952 a Helsinki ya zo na huɗu a tseren mita 1500, bai sami lamba ba. Sai ya nufi abin da ba wanda ya taɓa yi, watau gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu. Mil ɗaya zagaye huɗu ne na fili, kowane zagaye yadi 440. Saboda haka ya kasa abin huɗu: kowane zagaye daƙiƙa 60. Wajen horo ya kan yi zagaye ɗaya, ya huta kaɗan, ya sake, har sau goma, yana rage daƙiƙa kaɗan kaɗan wata bayan wata. Ran 6 ga Mayu 1954 a Oksfod ya gama mil cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4. Ba shi kaɗai ya yi ba, abokansa biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, su suka ja shi a gaba har zagaye na ƙarshe. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

Mu tuna da Dawuda kuma. Saul ya sa masa kayan yaƙinsa, kwalkwali da sulke da takobi. Kayan kirki ne, amma ba na yaro ba ne, Dawuda kuwa bai saba da su ba, sai ya tuɓe. Ya ɗauki majajjawa, abin da hannunsa ya sani tun yana kiwo. Kafin Goliyat ya riga ya gamu da zaki da wani mugun naman jeji, ya kuma shaida Ubangiji ne ya cece shi daga gare su. Allah ya bi da shi daga ƙarami zuwa babba. Mai koyarwa wanda ya ɗora wa ɗan shekara goma manufar babban mutum, kayan Saul ya sa masa.

6. YADDA ZA A YI A FILINMU

Wannan ba ya bukatar kuɗi. A ce ga yaro ɗan shekara goma sha biyu yana koyon miƙa ƙwallo da cikin ƙafa. Ga yadda malami zai bi da shi.

Da fari, a nuna masa. Malami ya buga a hankali sau biyu ko uku, yaro yana kallo. Manufa ba ta maye gurbin koyarwa.

Na biyu, a zaɓi abu ɗaya tak. Yau ƙafar tsayuwa ce: ta sauka gefen ƙwallo, yatsunta suna duban inda a ke so ƙwallo ya tafi. Kada a haɗa masa da idon sawu, da kai, da kafaɗa rana ɗaya. Kada ma a kula da inda ƙwallon ya faɗa tukuna.

Na uku, yaron ya sa baki. A tambaye shi, "Cikin bugu goma, sau nawa ka ke gani za ka kafa ƙafar daidai?" In ya ce, "Malam, bakwai," to, manufar ta zama tasa. Abin da yaro ya faɗi da bakinsa ya fi riƙe shi da abin da aka ɗora masa.

Na huɗu, a ƙidaya, a rubuta. Ɗan littafi da fensir sun isa. Abokinsa ya tsaya yana ƙirga masa, sa'an nan su musanya. Ta haka yara biyu su ke koyon gaskiya da taimakon juna.

Na biyar, in ƙafa ta saba, a koma manufar wuce kai. A ajiye duwatsu biyu kamar ƙofa, taki goma daga wurinsa, ya nemi ya wuce lissafinsa na makon jiya. In yana cin goma cikin goma, abin ya yi sauƙi, sai a matse ƙofar ko a ƙara nisa. In da ƙyar ya ke cin ɗaya, ya yi wuya, sai a matso da ita. Masu tsallen sanda ba su fara ɗora sanda a sama, kaɗan kaɗan su ke ɗaga ta.

Na shida, a gyara irin tambayar da a ke yi a gida. Yaro ya dawo daga wasa, maimakon "Kun ci?" uba ya ce, "Me ka koya yau? Abin nan da ka ke gyarawa, ya zauna?" Abin da uba ya ke tambaya kullum, shi yaro zai ɗauka shi ne abu mai daraja.

Haka a ke bi da kowane wasa. Mai koyon langa sai ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya kafin ya yi tunanin ture wani. Mai gudun ba da sanda sai ya iya miƙa sanda ba ta faɗi ba kafin a sa masa agogo. 'Yan mata kuma kada a bar su a bakin fili suna tafi kawai, gama su ma jikinsu da hankalinsu kyautar Allah ne.

7. HATSARIN SA NASARA KAƊAI A GABA

Ba mu ce son nasara mugun abu ne ba. Bulus da kansa ya gargaɗi Korinthiyawa su yi gudu irin na mai neman samu. Amma in nasara ita kaɗai ce a gaban yaro, abu uku su kan biyo baya.

Na fari, karyewar zuciya. A tsere na yara takwas ɗaya ne zai zo na fari. In wannan ne kaɗai mudun, bakwai sun koma gida da sunan faɗuwa, ko da a ce dukansu sun fi gudunsu na bara. A Kolosiyawa 3:21 an gargaɗi ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har ransu ya karai. Malamin da ya ke zagin yaro a gaban jama'a domin ya ɓarar da ƙwallo, wannan aya ta shafe shi. Yaron da aka kunyata a filin Ekklesiya, sau da yawa ba filin kaɗai ya ke bari ba, har makarantar Lahadi ya kan daina zuwa.

Na biyu, zamba. Inda kofi ya zama komi, nan a ke rage wa yara shekaru, a sa ɗan shekara goma sha takwas cikin 'yan goma sha biyar. Cutar nan ta yi yawa a duniyar ƙwallo har a 2009, sa'ad da aka yi gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Nijeriya, aka kuma buga waɗansu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi, hukumar FIFA ta soma duba ƙashin wuyan hannun 'yan wasa da na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki, wadda a ke kira MRI, domin a gane wanda ya wuce shekaru. Abin kunya ne a ce na'ura ce za ta faɗi gaskiyar da baki ya ƙi faɗi. A 2 Timothawus 2:5 Bulus ya tuna mana ɗan wasa ba ya samun kambi sai ya bi ka'ida. Ƙungiyar Ekklesiya da ta ci kofi da ƙaryar shekaru ta koya wa yara goma sha ɗaya cewa ƙarya tana biya, ta kuma hana wani ƙaramin yaro wurinsa. Wa'azin shekara guda ba zai share wannan darasi da sauƙi ba.

Na uku, ruɗi. Yaron da ba a koya masa auna kansa ba, ba ya sanin iyakarsa. Shi ne wanda mayaudari zai ce masa, "Kawo kuɗi in kai ka Turai," iyaye su sayar da gona ko shanu, daga baya a neme shi a rasa. Yaron da ya saba da ƙidaya da rubutu ya san abin da ƙafarsa ta iya da abin da ba ta iya ba tukuna, daɗin baki ba ya ɗaukarsa da sauri.

8. MANUFAR DA TA FI DUKA

A 1 Timothawus 4:8 Bulus ya yarda horon jiki yana da nasa amfani, amma ya sa ibada a bisansa, gama amfaninta ya kai har rai mai zuwa. Eric Liddell ɗan Sikotilan ya gane wannan. An haife shi a ƙasar Sin a 1902, iyayensa masu bishara ne. Gwaninsa tseren mita 100 ne. Amma da ya ji za a yi zagayen fari na tseren nan ran Lahadi a wasannin Olimfik na 1924 a Faris, ya ce ba zai shiga ba. Tun da watanni kafin gasar ya juya horonsa zuwa mita 400, ya kuwa ci lambar zinariya cikin daƙiƙa 47.6. Shekara guda bayan haka, a 1925, ya koma Sin aikin bishara. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Japan suka tsare shi a wani sansani tare da baƙi da yawa. A can ya riƙa koyar da yaran da aka tsare, yana shirya masu wasanni, har ya rasu a sansanin a 1945.

Mutumin nan ya iya sa manufa, ya iya sake ta sa'ad da ya kamata, ya kuma san wadda ba ta sakuwa. Abin da mu ke so yaranmu su koya ke nan. Yaron da ya koyi gyara abu ɗaya yau, ya ƙidaya da gaskiya, ya faɗi ya tashi ba tare da fid da zuciya ba, zai kai halin nan cikin karatunsa, da sana'arsa, da bin Yesu Kristi. Girma cikin bangaskiya ma haka ya ke tafiya. Wanda ya ce, "Zan zama Kirista na kirki," buri ya faɗi. Wanda ya ce, "Sura ɗaya zan karanta kowace safiya, zan kuma je in shirya da ɗan'uwana kafin Lahadi," ya kama hanya. Sai dai mu tuna, ceto ba kambin da mu ke ci da gudunmu ba ne, kyauta ce ta alheri. Muna gudu domin Ubangiji ya riga ya karɓe mu. Haka kuma ya kamata kowane yaro a filinmu ya sani, ko ya ci ko bai ci ba, yana da wuri a cikinmu.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Mene ne bambancin buri da manufa? Kowa ya kawo misali daga aikinsa.
2. Faɗi manufa iri uku. Wacce ce ta ke hannun yaro gaba ɗaya?
3. Don me 'yan matan da suka fara da gyaran hannu suka fi masu neman maki?
4. Me ya sa Dawuda ya tuɓe kayan Saul? Waɗanne irin kayan Saul a ke sa wa yara a yau?
5. Idan aka gane akwai wanda ya wuce shekaru cikin ƙungiyar Ekklesiyarku ana gobe wasan ƙarshe, me dattawa za su yi?

Ayar haddacewa: Filibiyawa 3:14

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin yaran da ka ba mu amana. Ka ba masu koya masu haƙuri da hikima, su sa a gabansu abin da za su iya ɗauka. Ka tsare filayenmu daga zagi da ƙarya. Ka sa yaranmu su yi gudu da gaskiya, idonsu yana kan Yesu, har su gama tserensu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.